Takardun Likita Denis Burkitt da Waɗanda Suka Ɗora a Kansu

Cikin watan Nuwamba na 1958 wata mujallar likitocin fiɗa ta ƙasar Ingila, mai suna British Journal of Surgery, ta buga wata 'yar takarda mai shafi shida, a kan wani ƙari da ke kama muƙamuƙin yara a ƙasar Yuganda. Wanda ya rubuta ta likitan gwamnati ne a asibitin Mulago na birnin Kampala, sunansa Denis Parsons Burkitt. Shekararsa 47 a lokacin, ba shi da ɗakin bincike, ba shi kuma da wani suna a wurin masana ciwon daji. Takardar ta fito, ta shige, ba wanda ya waiwaye ta sai 'yan kaɗan. Yau kuwa da wuya ka buɗe wani littafin koyon aikin likita, ko da wane harshe aka rubuta shi, ba ka tarad da sunan wannan mutum a ciki ba.

Ya kamata in faɗa tun da wuri, ni ba likita ba ne, aikina nazarin harshe. Abin da ya kai ni ga waɗannan takardu shi ne neman sunayen cututtuka da Hausa, saboda malaman kwalejojin horon malamai masu koyar da kiwon lafiya. Ina cikin wannan aiki sai na ci karo da wata cuta wadda a ke kiranta da sunan mutum, na tsaya ina tambaya ko me ya jawo haka. Neman amsa ya sa na bi takardun mutumin bisa jerin shekarunsu, tare da na waɗanda suka ɗora a kansu. Abin da na gani shi zan bayyana a nan.

Kafin mu shiga, sai mu daidaita kalmomi. Mu Hausawa mu kan ce daji ko sankara, mu kan kuma ce ƙari ga kumburin da ya tsiro cikin jiki ya ƙi sacewa. Likitoci kuwa sun kasa ciwon daji kashi-kashi bisa ga irin naman da ya tsiro daga gare shi. Wanda ya taso daga ƙashi ko tsoka su kan ce masa sarkoma. Wanda ya taso daga fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ke taruwa a wuraren da kaluluwa ke fita, shi ne limfoma. Mai karatu ya riƙe waɗannan kalmomi biyu, don bambancin da ke tsakaninsu ya taɓa labarin nan ƙwarai.

An haifi Burkitt ran 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen na arewacin Ailan. Ubansa, James Burkitt, injiniyan hanyoyi ne na lardi, amma abin da a ke tunawa da shi a kansa shi ne nazarin tsuntsaye. Ya kan ɗaura wa wasu 'yan tsuntsaye masu jan ƙirji zobba a ƙafa don ya riƙa gane kowanne, sa'an nan ya zana taswirar yankin da kowanne ya ke tsaro. Ɗan ya rasa idonsa na dama yana shekara 11. Ya shiga kwalejin Trinity ta Dublin da nufin koyon aikin injiniya, ya sauya ya koma aikin likita, ya gama cikin 1935, ya sami shaidar ƙwarewa a fiɗa daga Edinburgh cikin 1938. Yaƙin Duniya na Biyu shi ya fara kawo shi Afirka ta Gabas yana likitan soja. Da aka gama yaƙi ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi Yuganda cikin 1946, ya fara zama a garin Lira na ƙasar Lango, daga baya aka mai da shi Mulago.

Takardar da ya rubuta daga aikinsa na Lango ta fito cikin mujallar Lancet a 1951, a kan gwaiwa, bisa ga mutum 200 da ya duba. Masu ba da tarihinsa su kan tsallake ta da sauri, amma a ganina nan ne a ke fara ganin halin mutumin. Ban da bayanin yadda a ke fiɗar, ya lura gwaiwa ta fi yawa ainun a gabashin lardin bisa yammacinsa. Watau tun a lokacin tambayar da ta fi damunsa ita ce ina cuta ta ke, ina kuma ta tsaya. Ɗan mai taswirar tsuntsaye ya gaji ubansa.

Cikin 1957 abokin aikinsa, Likita Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5, wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Burkitt bai taɓa ganin irinsa ba, ya ɗauki hoto, ya aje abin a matsayin abin mamaki kurum. Bayan 'yan makonni ya je asibitin Jinja, sai ga wani yaro da irin wannan kumburi sak, da ya taɓa cikinsa kuma ya ji ƙari a ciki. Da ya komo sai ya shiga tonon tsofaffin takardun asibiti. Abin da ya gano shi ne, yaran da ke da ƙari a muƙamuƙi sau da yawa suna da shi a wasu wurare, kamar ƙoda, da kwarmin ido, da ƙwan mahaifa ga 'yan mata. A da, in ƙarin ya fito a ƙoda sai a rubuta masa suna irin na ƙarin ƙoda, in a ido ne a ba shi na ido, ta haka cuta ɗaya ta warwatse ƙarƙashin sunaye da yawa, ba wanda ya san yawanta. Yara 38 ya tattara labarinsu cikin takardar 1958.

Ba shi ya fara ganin wannan ƙari ba. Sir Albert Cook, wanda ya kafa asibitin Mengo a Kampala cikin 1897, ya bar bayani da zane na irin wannan kumburi cikin littattafan asibitinsa tun farkon ƙarni na ashirin. A nan Nijeriya ma, cikin 1934, wasu likitoci biyu, Smith da Elmes, sun buga rahoto a kan ƙari 500 da aka duba a Ikko, a ciki har da na muƙamuƙin yara. Abin da Burkitt ya yi wanda ba su yi ba shi ne haɗa abubuwan da a ke gani daban-daban ya ce duk abu ɗaya ne. Ga mai nazarin harshe wannan ba baƙon al'amari ba ne. Mun sha ganin tsiro ɗaya da suna uku a garuruwa uku, mai tattara kalmomi ya rubuta su kamar tsirrai uku, sai wani ya zo ya aje ganyen a gabansa ya ga ashe ɗaya ne.

To, me ya sa takardar ta kwanta? Dalili biyu na gani. Na fari, ya kira ƙarin sarkoma, alhali kuwa ba sarkoma ba ne. Na biyu, ya buga ta a mujallar masu fiɗa, waɗanda ba abin da za su iya yi wa ƙarin da ya bazu cikin jiki, masu binciken ciwon daji kuwa ba safai su ke karanta wannan mujalla ba. Gyaran sunan ya zo daga masu duba nama da madubin likita a Makerere. Cikin 1960 Gregory O'Conor da Jack Davies suka nuna limfoma ce. Cikin 1961 Burkitt da O'Conor suka sake gabatar da al'amarin cikin mujallar Cancer ta Amurka, da sabon suna, da ƙarin yara. Wannan karo aka ji. Cuta ita ce dai ta 1958, yawancin hujjojin ma su ne, abin da ya sake shi ne suna da kuma wurin da aka yi maganar.

Tun kafin wannan Burkitt ya soma neman iyakar cutar. Ya sami gudummawar fam 25, ya buga wata 'yar takarda mai hotunan yaran, ya aika da wajen dubu zuwa asibitocin gwamnati da na mishan ko'ina cikin Afirka, yana tambaya ko sun taɓa ganin irin wannan. Duk inda aka amsa da i, sai ya soka allura a taswirar da ya rataya a bango. Sannu a hankali alluran suka yi ɗamara a tsakiyar Afirka, daga yamma zuwa gabas, da jela wadda ta gangara ta bakin tekun gabas. Cikin Oktoba 1961 shi da abokansa biyu, Likita Ted Williams da Likita Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi mako goma suna tafiya, mil wajen 10,000, suka ziyarci asibiti fiye da hamsin, har Afirka ta Kudu. Ba su ɗauki kayan gwaji ba, sai kundin hotuna. Su kan nuna wa likitan wurin, su tambaye shi ko yana ganin irin wannan, daga waɗanne garuruwa kuma yaran ke zuwa.

Sakamakon ya fito cikin 1962 a takardu da dama, a mujallun Nature, da British Journal of Cancer, da British Medical Journal. Sun tarar a kusa da tsakiyar duniya ba a samun cutar a tudun da ya wuce ƙafa 5,000. Da aka gangara kudu zuwa Nyasaland, wadda a ke kira Malawi yanzu, iyakar ta sauko wajen ƙafa 3,000, can kudu kuma ta ƙara saukowa wajen ƙafa 1,000. Alexander Haddow, na ma'aikatar binciken ƙwayoyin cuta ta Entebbe, shi ya taimaka aka gane ma'anar wannan: tudu ba shi ne ainihin shingen ba, sanyi ne. Duk inda sanyi kan sauka ƙasa da awo 60 na ma'aunin Fahrenheit, cutar ba ta zama. Daga baya Burkitt ya zo Afirka ta Yamma, inda tudu bai cika yawa ba, ya ga wani shinge na biyu, watau ƙarancin ruwan sama. Ya sa haddin a wajen inci 20 a shekara. Cutar ta yi yawa a kudancin Nijeriya mai dausayi, labarin da ya samu daga Kano da kewayenta kuwa shi ne da ƙyar a ke ganinta.

A nan zan ɗan tsaya, don abin ya shafe mu. Ruwan da ke sauka a Kano a yawancin shekaru ya wuce wancan haddi, ko da ya ke rani yana da tsawo. Sa'an nan rahotannin da suka fito daga asibitocin koyarwa na Zariya da Kano a shekarun baya sun sa wannan limfoma cikin na gaba-gaba a ciwon dajin yara. Saboda haka ina ganin shirun da Burkitt ya ji daga Arewa yana da fuska biyu. Mai yiwuwa cutar ta fi ƙaranci a nan bisa Kudu, amma littafin asibiti ba ya ƙidaya sai wanda ya zo asibiti. A wancan zamani yaron ƙauye da fuskarsa ta kumbura, wanzami da mai magani za a fara kai wa, cutar kuwa ba ta ba da wa'adi mai tsawo. Wannan shi ne raunin hanyar taswira duka: wurin da ba allura, ko dai ba cuta, ko kuwa ba wanda ya rubuta.

Duk da haka taswirar ta yi aikinta. Cutar da ke bin zafi da damshi, ai sai a zargi ƙwaro mai cizo, kamar yadda ciwon barci ke bin ƙudan tsando, shawara kuma ke bin sauro. Daga nan aka yi zaton wata ƙwayar cuta ce mai suna bairas, sauro ke ɗauke da ita. Ran 22 ga Maris, 1961, Burkitt yana hutu a Ingila, ya yi lacca a asibitin Middlesex na Landan. Cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda ya daɗe yana nazarin bairas masu sa wa kaji ciwon daji. Nan take ya aje aikin da ya ke yi, suka shirya da Burkitt a riƙa aiko masa da yankin ƙarin daga Kampala ta jirgin sama. Kusan shekara uku yana nema bai sami kome ba. Cikin Disamba 1963 hazo ya hana wani jirgi sauka Landan, aka karkata shi Manchester, saƙon ya makara. Da ya iso ruwan da naman ke ciki ya yi gurɓace, kamar ya ruɓe. Epstein ya duba da madubi, sai ya ga ba ruɓa ba ce, ƙwayoyin ƙarin ne jijjigar tafiya ta kakkaɓe su suna yawo cikin ruwan da ransu. Aka rene su a haka, suka yi ta hayayyafa. Cikin Fabrairu 1964 ya ga bairas a cikinsu da madubi mai aiki da lantarki, ran 28 ga Maris kuma Lancet ta buga labarin da sunayen mutum uku: Epstein, da Bert Achong mutumin Trinidad, da Yvonne Barr. Wannan ita ce bairas ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam, ita a ke kira Epstein-Barr. Mai karatu ya lura sunan Achong ya faɗi a hanya.

A daidai wannan lokaci, a asibitin koyarwa na Ibadan, R. J. V. Pulvertaft shi ma ya yi nasarar renon ƙwayoyin ƙarin daga jikin wani yaro ɗan Nijeriya, cikin 1963. Wannan zuriyar ƙwayoyi, wadda a ke kira Raji, har yau tana raye a ɗakunan bincike na duniya, a na gwada magunguna a kanta. Ibadan ta ba da fiye da haka. G. M. Edington ya kafa rajistar ciwon daji a can cikin 1960, cikin 1964 kuma shi da Maclean suka buga lissafin yawan cutar a birnin, B. O. Osunkoya kuwa ya yi shekaru yana nazarin ƙwayoyin. Duk wanda ya ɗauka labarin nan na Kampala da Landan ne kaɗai, bai karanta rabin takardun ba.

Abin mamaki, bairas ɗin da aka samu saboda taswirar Burkitt ita ta rushe bayanin da ya ɗora a kan taswirar. Werner Henle da matarsa Gertrude, a Philadelphia, suka ƙago hanyar gane wanda ya taɓa kamuwa da ita, sai ga shi tana ko'ina a duniya, ƙasar zafi da ta sanyi, fiye da mutum tara cikin goma na manya suna ɗauke da ita, ta miyau kuma ta ke yaɗuwa, ba ruwanta da sauro. Cikin 1968 suka nuna ita ke kawo wani zazzaɓi mai kumbura wuya da ke kama samari a Turai da Amurka. To, in bairas tana ko'ina, me ya sa ƙarin ya tsaya cikin ɗamara? Gilbert Dalldorf ya riga ya ambaci zazzaɓin cizon sauro tun farkon shekarun 1960. Cikin 1969 Burkitt ya buga takarda a mujallar ma'aikatar ciwon daji ta Amurka, ya janye daga ra'ayinsa na farko, ya koma ga wannan. Cikin 1970 shi da George Kafuko, masani ɗan Yuganda, suka jera hujjoji: inda zazzaɓin ya yi katutu duk shekara nan ƙarin ya ke, har da tsibirin New Guinea, inda kuwa aka yaƙi sauro, kamar Zanzibar, ƙarin ya yi ƙaranci. A ganina takardar 1969 ta fi ta 1958 nuna darajar mutumin, gama ba kowane malami ke iya warware abin da ya yi suna a kansa da hannunsa ba.

Daga nan binciken ya wuce inda likitan fiɗa zai iya binsa. A lardin West Nile na Yuganda an ɗebi jinin yara wajen 42,000 aka aje, aka zuba ido, rahoton da Guy de-Thé da abokansa suka buga a Nature cikin 1978 ya nuna waɗanda ƙarin ya kama daga baya tun can jininsu ya nuna alamar bairas mai yawa. Ta wani gefen kuma, Manolov da Manolova sun lura cikin 1972 zaren gado na 14, abin da masana ke kira kuromosom, ya fi yadda ya kamata tsawo a ƙwayoyin ƙarin. Cikin 1976 Lore Zech da abokanta suka nuna guntun ya ɓalle ne daga zare na 8. Cikin 1982 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Carlo Croce da ta Philip Leder, suka gano abin da ke kan guntun: wata ƙwayar gado mai suna MYC, wadda ke umurtar ƙwayar jiki ta rabu biyu. Da ta koma zare na 14 sai ta faɗa kusa da wurin da ba ya hutawa a irin waɗannan fararen ƙwayoyi, ta kama ba da umurni ba tsayawa. Yadda masana ke bayani yanzu, zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa yana ingiza ƙwayoyin su yi ta rabuwa, yana kuma raunana tsaron da jiki ke yi wa bairas, bairas ɗin kuwa tana hana ƙwayar da ta yi kuskure mutuwa.

Wajen magani ma takardun suna da nasu labari. Ba injin gashi da haske a Yuganda a lokacin, fiɗa kuwa ba ta da amfani. Burkitt ya roƙi magunguna daga kamfanoni, ya haɗa kai da Herbert Oettgen da Joseph Burchenal na New York, Peter Clifford kuma yana irin wannan gwaji a Nairobi. Suka ba yaran methotrexate, daga baya cyclophosphamide, sai ga ƙarin da ya cika fuska yana narkewa cikin kwanaki. Iyaye da yawa da sun ga kumburi ya sace sai su ɗauke ɗansu su tafi gida kafin a gama, amma da aka bi sawu aka tarad da wasu yaran lafiya lau bayan allura ɗaya ko biyu. A Ibadan, Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa mutumin Kamaru, ya buga rahoto cikin 1965 a kan yaran da suka wuce shekara biyu da rai bayan magani. Cikin 1967 aka buɗe wurin jiyyar limfoma a Kampala, wanda ya zama cibiyar ciwon daji ta Yuganda, John Ziegler ya fara shugabantarsa, Charles Olweny ya gaje shi. Da aka ba da lambar Lasker ta 1972 ga waɗanda suka nuna a na iya warkar da ciwon daji da magani, Burkitt da Ngu da Burchenal da Ziegler duk suna ciki. A shekarar nan kuma aka zaɓi Burkitt cikin Royal Society.

Yanzu sai mu komo kan suna. A takardun farkon shekarun 1960 a kan ga sunaye biyu kafaɗa da kafaɗa, limfomar Afirka da ƙarin Burkitt. Pulvertaft da Ngu duk sun haɗa su a kan takardunsu. Na farkon ya faɗi ne da hujja, don cikin 1965 an nuna akwai irin wannan ƙari a yaran Amurka, ko da ya ke ba yawa, daga 1982 kuma aka fara ganinsa ga masu cutar ƙanjamau. Cikin 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga ƙa'idar gane shi da sunan Burkitt, cikin 1970 kuma littafin da shi da Dennis Wright suka shirya ya fito da wannan suna. Amma suna irin wannan yana da illa biyu ga mai son auna tasirin malami. Tun 1964, sa'ad da Eugene Garfield ya fara buga kundin da ke ƙidaya sau nawa aka ambaci kowace takarda cikin wasu takardu, jami'o'i suka ɗauki wannan ƙidaya ma'auni. Robert Merton, masanin zaman jama'a, ya nuna in bincike ya karɓu sarai sai a daina ambaton tushensa, don ya zama sanin kowa. Dubban masu rubutu a kan MYC ko bairas ɗin Epstein-Barr suna rubuta sunan Burkitt ba tare da sun ambaci takardar 1958 ba, saboda haka ƙidaya ta rage masa. Illa ta biyu kuwa kishiyar wannan ce: sunan ya tattara aikin O'Conor, da Davies, da Haddow, da Wright, da Ngu, da Kafuko, ya ɗora wa mutum ɗaya. Merton ya yi magana a kan wannan ma cikin 1968, yadda yabo ke gangarawa wurin wanda ya riga ya yi suna.

Cikin 1966 Burkitt ya bar Yuganda ya koma Landan ƙarƙashin majalisar binciken likitanci ta Ingila. Richard Doll ya haɗa shi da Peter Cleave, tsohon likitan sojan ruwa, mai ra'ayin cewa tataccen gari da sukari su ke jawo yawancin cututtukan Turawa. Burkitt ya juya maganar: a ganinsa laifin ya fi ƙarfi ga abin da aka cire, watau dusa. Cikin 1971 ya buga takarda a Cancer a kan dajin babban hanji, mai yawa a Turai, mai ƙaranci a ƙauyukan Afirka, takardar da ta shiga cikin waɗanda aka fi ambata a duk rubutunsa. Cikin 1972 shi da Alec Walker da Neil Painter suka buga awon bayan gida a Lancet: na mutanen ƙauyen Yuganda ya ninka na Turawan Ingila wajen sau huɗu a nauyi, abinci kuma ba ya kai rabin lokacin da ya ke yi a cikin Bature. Littattafai suka biyo, biyu tare da Trowell, cikin 1975 da 1981, ɗaya kuma na jama'a cikin 1979. Mu da ke surfa gero da dawa mu zuba wa awaki dusa, maganar ba ta yi mana nisa ba.

Hanyar dai ita ce ta da, a kwatanta wuri da wuri, amma a nan ba ta yi kaifi kamar can ba. Bambancin ƙauyen Lango da birnin Landan ya wuce dusa: akwai nama, da ƙiba, da zirga-zirga, da tsawon rai, da yawan likitocin da za su gano cutar. Wani babban bincike a kan ma'aikatan jiyya mata na Amurka cikin 1999 bai ga alaƙa ba, gwaji biyu da aka buga cikin 2000 kuma ba su nuna ƙarin dusa ya hana tsiron hanji komowa ba. Sai cikin 2003 wani bincike na ƙasashen Turai ya ga kariya, taƙaitawar da Lancet ta buga cikin 2019 kuma ta goyi bayan cin abinci mai dusa. Watau gindin maganar ya tsaya, ko da ya ke Burkitt ya ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta. Bai ga wannan muhawara ba, ya rasu ran 23 ga Maris, 1993. Epstein ya rayu har 2024, yana da shekara 102.

A ƙasashe masu wadata yanzu a na warkar da wajen yara tara cikin goma masu wannan limfoma. A yawancin Afirka, inda cutar ta fi yawa, sau da yawa ba a kai rabi, saboda makara, da tsadar magani, da yanke jiyya a tsakiya. Ƙarin yana cikin mafi saurin girma da aka sani, ƙwayoyinsa su kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka makon da aka ɓata a na zaton hangum ne ko ciwon haƙori yana da tsada. Wannan ya mai da ni ga tambayar da na faro da ita, ta sunan da malami zai koya wa ɗalibansa. In an ce limfomar Burkitt, likita zai gane, uwar yaro a ƙauye ba za ta ji kome ba. In an ce dajin muƙamuƙi na yara, kowa zai gane, amma mun koma kuskuren 1958, don yara da yawa a ciki ƙarin ke fito musu, fuskarsu kuwa lafiya. A jerin kalmomin da na ke shiryawa na rubuta sankarar yara mai saurin kumbura, na bi ta da sunan likitoci, sa'an nan na lissafa alamunta a ƙasa: kumburin muƙamuƙi marar zafi sosai, da haƙora masu girgiɗi ba dalili, da ido mai turowa waje, da ciki mai tasowa cikin 'yan makonni. Ina roƙon malaman da suka gwada wannan suna a aji su rubuto mini yadda ɗalibai suka karɓe shi, da kuma sunan da a ke kiran irin wannan kumburi a garuruwansu.